Daga Ƙasar Gumel Zuwa Alƙahira: Inda Na Sauka da Waɗanda Suka Riƙe Ni

Ni mutumin ƙasar Gumel ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, kusa da iyakar Nijar, inda ake noman gero da dawa da wake don ci, riɗi da zoɓorodo kuma don kuɗi. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Iya muke ce mata. A tsangayar garinmu na yi allo har na sauke na kuma haddace, sannan kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke koyarwa a Kano, ya dage sai an bar ni na yi sakandaren Arabiyya a hannunsa. Shi ne kuma ya fara kawo maganar tafiya jami'ar Azhar da ke Alƙahira, a ƙasar Masar.

Hanya biyu ɗalibi yake bi zuwa can. Ko dai ya samu gurbin tallafi tun daga gida, wanda ake kira minha, a ba shi masauki da abinci da ɗan kuɗin kashewa, ko kuma ya tafi da kuɗin iyayensa, ya nemi wurin kwana da kansa, in ya yi ƙoƙari a jarrabawa ya nemi minhar daga can. Ni ta biyun na bi. A kakar 2018 Baba ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarmu kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayar, ya haɗa da kuɗin riɗin shekarar, Kawu ya cika sauran. Wanda ya san ƙauye ya san abin da ake nufi da raba shanun huɗa. Damina biyu Baba ya yi yana jiran maƙwabta su gama tasu huɗar kafin a ara masa.

Ranar da aka zauna a zaure don yanke shawara, Kawu ya baje takardu yana bayanin fasfo da biza da kuɗin tikiti. Baba bai yi boko ba, bai kuma taɓa wuce Kano ba. Ya saurara har Kawu ya dire, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. A hannun wa zai sauka?" Kawu ya ce ai ɗaliban Najeriya suna da yawa a can, ba zai rasa wuri ba. Baba ya ce, "Ɗalibai da yawa ba mutum ba ne. Ko almajiri za ka tura gabas, hannun malami kake damƙa shi, ka san sunansa, ka san na ubansa." A nan maganar tafiya ta tsaya, har Kawu ya nemo wani tsohon ɗalibinsa, mutumin ƙasar Haɗejia, wanda yake kwalejin Shari'a a lokacin. Aka kira shi a waya. Baba ya gaisa da shi irin gaisuwar da ake yi wa babba, alhali a haife ya haife shi, ya ce, "Ga amana nan zan turo maka. Ba shi da kowa a can sai Allah sai kai." Ya ce, "Baba, na karɓa."

Inna tana kunyata irin ta ɗan fari, ba ta faɗin sunana, ba ta zama ta yi doguwar magana da ni. Sai ta aiko ƙanwata da ƙunshi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunun tsamiya, ƙuli-ƙuli, kowanne a ledarsa. Iya kuwa riƙe mini hannu ta yi a bakin ƙofarta, ta ce, "Maigidan nawa za ka tafi ka bar ni. To, ka ci abin da aka ba ka, ka gaida wanda ya girme ka, kada ka kwana da fushin wanda kuke ɗaki ɗaya."

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano na tashi a watan Nuwamba, a jirgin da ke zuwa Alƙahira kai tsaye. Ina fitowa daga wurin duba fasfo na gan shi tsaye da rigar sanyi a hannu. Duk 'yan gidan Yaya suke ce masa, ni ma da haka zan kira shi a nan. Ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da hanya. Sa wannan, sanyin nan ba irin hunturunmu ba ne." Kafin mu shiga mota ya kira Kawu ya ce a gaya wa Baba amana ta iso.

Gidan yana Hayyul Ashir, a gefen Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibai da baƙi 'yan Afirka suke da yawa saboda haya da ɗan sauƙi. Bene ne, mu muna hawa na biyar, ƙafa ake takawa. Ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki ɗaya, mu bakwai: 'yan Najeriya biyar, da mutumin Damagaram, da wani ɗan zango daga Kumasi, dukkanmu Hausa muke yi. Katifu ne a ƙasa, da safe a jingine su a bango a shimfiɗa littattafai.

Abin da ya fi yi mini wuya a farko shi ne rashin tsakar gida. A garinmu in ka fito daga ɗaki ƙasa kake takawa, sama kake gani, ka ji motsin dabbobi a turke, ka gaisa da duk wanda ya wuce. A can kana fita daga ɗaki ka shiga wani ɗakin, ka buɗe ƙofa ka tarar da matattakala. Nakan tsaya a baranda bayan la'asar, duk inda na duba bene ne ya tokare wani benen, ga ƙarar motoci ba dare ba rana, ga mai sayar da tukunyar gas yana ƙwanƙwasa ta da ƙarfe yana wucewa, ga mata suna zuro kwando da igiya daga sama mai kanti yana sa musu kaya. Sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, abinci ya ƙi shiga. Ban gaya wa kowa ba, amma mutumin Damagaram ya lura. Yakan zo ya tsaya kusa da ni ya soma hirar kasuwar Maigatari, wadda shi ma ya sha zuwa da mahaifinsa daga tsallaken iyaka, ya tambaye ni farashin raƙumi, ya tambaye ni ko har yanzu ana kawo kanwa. Haka ya riƙa jana da hira har na soma sakin jiki.

Gidan yana da tsari, kuma ba Yaya ne ya ƙirƙiro shi ba, shi ma haka ya tarar. Baƙo ba ya biyan haya a watansa na farko, ba ya girki, ba ya fita shi kaɗai. Kowane wata ana zuba kuɗi a asusu ɗaya, daga ciki ake biyan haya da wuta da gas da cefane. Girki mutum biyu-biyu ne bisa juyi. Wanda ya fara tashi da asuba shi ke tashin sauran, kuma ba a barin kowa a kwance. Ana idar da salla kowa ya kama abokin muraja'arsa, wato bitar hadda. Karin safe gurasarsu ce da wakensu da suke kira ful, wani lokaci da ta'amiyya, wadda ƙosai ce in ban da ganyen da suke sawa. Daren Juma'a kuwa tuwo ne, da garin samolina, da miyar kuka daga ƙunshin duk wanda ya zo a baya-bayan nan. In kuka ta ƙare akwai shagunan 'yan Sudan masu sayar da garin kuɓewa, ga kuma lalo wanda mutanen Masar ke miya da shi kullum. Zoɓon da muke nomawa muna ɗurawa a buhu, a can har da zafinsa ake shan sa a wuraren shan shayi.

Yaya ne ya riƙa kai ni ko'ina da ƙafarsa: wurin rajista, wurin gwajin jini, wurin neman iƙama, wato takardar izinin zama, inda ake sammako saboda yawan jama'a. Ya koya mini hawa ƙananan motocin haya da yadda ake miƙa kuɗi daga hannu zuwa hannu har ya isa ga direba. Larabcin da na koya a Kano na littafi ne, na titi kuwa daban yake. Jimun sun mai da ga, ƙaf sun haɗiye shi, suna magana da sauri. Malamai da yawa ma da shi suke bayani a aji. Sai Yaya ya sa dokar cewa ni zan riƙa sayo gurasa kowace safiya, in kuma zauna in gaisa da mai gadin benen, wanda suke kira bawwab, wani dattijo daga kudancin Masar. A bakin wannan dattijo na koyi yawancin Larabcin kasuwa da na iya.

Wani abin da ban zata ba shi ne Alƙur'anin kansa. Mu a tsangaya riwayar Warshu muke karantawa, da rubutun hannu irin namu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. A Masar Hafsu ake karantawa, kuma a Azhar kowace shekara akwai jarrabawar Alƙur'ani, ta baki da ta rubutu. Mahaddacin da harshensa ya tashi a kan Warshu, in bai samu mai saurarensa kullum ba, sai ya riƙa cakuɗa riwayoyin bai sani ba. Ɗan Kumasi shi da Hafsu ya haddace. Kowace asuba in karanta masa ya tsayar da ni inda na karkata, shi kuma ya karanta mini Warshu da yake son koya.

Hunturun farko ya kwantar da ni. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Alƙahira mai laima ne, yana fitowa daga bango da daɓe, wani lokaci har da yayyafi, kuma gidajen ba a gina su don tsare sanyi ba. Na yi zazzaɓi da tari, 'yan gidan suka yi ta karɓa-karɓa wajen jinyata, wannan ya dama mini kunu, wancan ya je aji ya kwafo mini darasi. A lokacin Yaya ya ja mini kunne a kan abin da nake so duk mai tafiya ya sani. Yawancin banɗakunan haya suna da na'urar ɗuma ruwa mai aiki da gas. In aka kunna ta aka rufe taga ruf saboda sanyi, takan fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, mutum ya sume a ciki ba wanda ya sani. Ana rasa rayuka ta haka a Masar lokacin sanyi. Dokar gidanmu ita ce ba a rufe tagar banɗaki, kuma in mutum ya daɗe a ciki sai an ƙwanƙwasa ya amsa.

Ba duka ne daɗi ba. Akwai yaran unguwa da kan bi mu da tsokana saboda launin fatarmu, wani lokaci har da jifa, kuma abin yana da ciwo ga wanda bai taɓa sanin cewa fatarsa abin magana ce ba. Akwai kuma mai gidan da ya ƙara mana haya tun wa'adi bai cika ba, da muka ce za mu tashi ya riƙe kuɗin ajiyar da aka ba shi tun shiga, dillalin da ya haɗa mu kuwa ya daina ɗaukar waya. Wanda ya tsaya mana shi ne wannan dattijo mai gadi. Ya hau har wurin mai gidan ya ce masa, "Waɗannan baƙin Azhar ne, mahaddata ne, ka ji tsoron Allah." Ya karɓo mana wani abu daga cikin kuɗin, ya kuma nemo mana wani gidan a bayan layi. Mutanen Masar irinsa suna da yawa. Sau da dama mai kanti zai ji cewa kai ɗalibin Azhar ne ya rage maka kuɗi ya ce ka sa shi a addu'a.

Akwai wani yaro da muka zo kusan lokaci ɗaya da shi. Ya fi ni ƙwaƙwalwa, ya fi ni Larabci, iyayensa kuma masu hali ne a birni. Sun biya masa komai, sun kama masa ɗaki shi kaɗai ta hannun wani dillali da suka samu a intanet, don a ganinsu cunkoso zai hana shi karatu. Ba wanda ke tashinsa da asuba, ba wanda zai ce masa yau ba mu gan ka a aji ba. A kwalejojin Azhar ɗalibai suna da yawa ƙwarai, malami ba zai san wanda ya zo da wanda bai zo ba, jarrabawar ƙarshen zango ce take tona kowa. Yaron ya soma kwana yana kallon waya, ya wuni yana barci. Yaya ya je wurinsa har ɗaki ya ce ya dawo cikinmu, ya ce ya gode. Iƙamarsa ta ƙare bai sabunta ba, ya faɗi jarrabawa, ya ɓoye wa gida, daga baya ya koma ba takarda. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci, domin ba lalatacce ba ne, kaɗaici ne ya cinye shi. Sabon ɗalibi kamar dashe yake, a kwanakin farko ake gane ko zai kama ko zai bushe. Iyaye suna zuba hankalinsu a kan sunan jami'a da takardar shiga, ni kuwa abin da na gani da idona shi ne a ɗakin kwana karatun yake tsayawa ko ya zube.

Wata Juma'a Yaya ya kai ni masallacin Azhar, a unguwar Darrasa, kusa da masallacin Husaini. An soma gina shi a shekarar 970, aka fara salla a cikinsa a 972. Ya zagaya da ni yana nuna mini ɓangarorin da ake kira riwaƙai, ya ce a da nan ɗalibai baƙi suke kwana, kowace al'umma da nata: na mutanen Magrib, na Turkawa, na mutanen Sham, na Jawa, har da na Barnawa. Kowane riwaƙi da shehinsa, ana kuma raba wa ɗalibai gurasa daga dukiyar waƙafi. Ban da wannan, wajen shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun kafa makarantar Malikiyya a Alƙahira wadda ta zama masaukin ɗalibansu da mahajjatansu. Na tsaya ina lissafi a raina. Kusan shekara ɗari takwas ke nan mutanen yankinmu suna ratsa hamada a kan raƙumi su zo garin nan neman ilimi, kuma abin da manyansu suka fara tanadar musu shi ne wurin sauka. Ranar na daina jin cewa ni ne na farko da ya taɓa yin wannan kewar.

A ƙarshen 2019, bayan sakamakon jarrabawata ya fito da kyau, Allah ya sa na samu minha, aka ba ni ɗaki a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya. Wannan unguwa ce guda ta ɗaliban Azhar baƙi, an buɗe ta a 1959 zamanin Jamal Abdul Nasir, ita ta gaji aikin riwaƙan da. Tana da katanga da masu gadi a ƙofa, benaye masu lamba, masallaci, wurin karɓar abinci, ɗakin shan magani da filin ƙwallo, mata kuma nasu wurin daban. In ka tsaya a bakin masallaci bayan magariba za ka ga fuskoki da tufafi na ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba. Ranar da na kira gida na ce daga yanzu ba sai an turo kuɗin haya da na ci ba, Baba ya yi ta hamdala har muryarsa ta sarƙe. 'Yan gidanmu suka raka ni da kayana har ƙofa, Yaya ya ce, "Tuwon daren Juma'a yana nan, ban sallame ka ba."

Mu uku ne a ɗakin: ni, da ɗan Indonesiya daga tsibirin Jawa, da ɗan Afghanistan. Bamalike da Bashafi'e da Bahanafe. Ba mu da harshen da ya haɗa mu sai Larabci, kuma wannan ya gyara mini harshe fiye da aji. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ɗan Afghanistan mutumin ƙasar dusar ƙanƙara ne, yana so a bar taga a buɗe a tsakiyar Janairu, mu biyu kuwa muna makyarkyata a bargo. Ɗan Indonesiya da dare yake karatu da fitila a kunne, ni kuwa da asuba kaina yake buɗewa. Warin daddawata ya dame su, ni ma warin wani haɗin kifi da ɗan Indonesiya ke sa wa yajinsa ya dame ni. Mun yi kwanaki kowa yana cin magani. Maganar Iya ce ta sa na fara buɗe baki. Na dafa shayi na ce mu zauna kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Muka raba lokacin taga, muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramar fitilar tebur, girki mai ƙarfin wari kuma aka mai da shi waje. Ko a salla na ƙaru. Na ga wannan yana bayyana bisimilla yana ƙunutu da ɗaga hannu, wancan ba ya ƙunutu a asuba sam, kowanne kuma da hujjarsa daga malamansa. Abin da a gida ake raba masallaci a kansa, mu a ɗaki ɗaya muke yin sa, yau wannan ya ja mu, gobe wancan.

Sai annobar korona ta zo. A tsakiyar Maris na 2020 aka rufe makarantu a Masar, ranar 19 ga wata aka dakatar da jirage, bayan kwana biyu aka rufe masallatai, sannan aka sa dokar hana fitar dare. Aka taƙaita shiga da fita a masaukinmu. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu ba tarawihi a masallaci, ba teburan buɗe-baki da masu hali ke shimfiɗawa a tituna kowace shekara.

A cikin wannan azumin Kawu ya kira ni da hantsi. Da na ji ya soma da doguwar gaisuwa yana cewa in yi haƙuri, sai na gane. Iya ta rasu da daddare, har an kai ta. Ita ta goya ni, ita ta riƙa ajiye mini ɗumame in na dawo daga karatun dare. Ko da ina da kuɗin jirgi, babu jirgin. Na zauna a bakin gado na kasa cewa komai. Ɗan Indonesiya ya karɓi wayar daga hannuna, ya yi wa Kawu ta'aziyya da Larabci, sannan ya tambaye ni yadda muke yi a garinmu in an yi rasuwa. Na ce ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a zauna kwana uku, mutane suna zuwa suna addu'a. Ya ce to haka za mu yi. Suka naɗe katifu suka shimfiɗa bargo a ƙasa. Saboda dokar ba da tazara ba a taru ba, amma labari ya zaga benen, mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, suna tsayawa daga bakin ƙofa da takunkumi a fuska: 'yan Najeriya da 'yan Nijar, 'yan Senegal, 'yan Chadi, 'yan Tailan, 'yan Somaliya, waɗansu ko sunansu ban sani ba. Kowa ya ɗaga hannu ya yi wa wata tsohuwa ta ƙasar Gumel addu'a da irin lafazinsa. Ɗan Afghanistan, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya raba izu-izu a tsakanin 'yan hawanmu aka sauke mata Alƙur'ani. Shi ya riƙa karɓo mini abincin buɗe-baki, ya zauna a gabana sai ya ga na ci. Yaya bai samu shigowa ba, amma kowane dare sai ya kira.

A rana ta uku na kira gida. Bayan na yi wa Baba gaisuwa na ba shi labarin abin da aka yi, sai na ji ya ce, "Ga mahaifiyarka." Inna ba ta taɓa karɓar waya ta yi magana da ni kai tsaye ba, kullum ta bakin ƙanwata ne. Ta ce, "Kai, yaya haƙuri? Waɗannan da kuke ɗaki ɗaya, ka ce ina gaishe su, ka ce Allah ya yi musu albarka."

Shekarun kwaleji sun tafi da sauri. Yaya ya gama ya koma gida, tsarin gidan haya ya wuce hannun mutumin Damagaram, ni kuma na zama cikin masu zuwa filin jirgi da rigar sanyi. Rayuwa ta yi tsada ƙwarai. Lokacin da na je dala ɗaya wajen fam 18 ce na Masar, a Maris na 2024 ta kusa 50, ita ma naira ta faɗi a gida, ta haura 1,500 a kan dala. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kawo mutane masu yawa Alƙahira, haya ta yi tashin gwauron zabo. Masu zaman haya sun sha wuya, ɗakin mutum uku ya koma na biyar. Mu da muke cikin masauki muka riƙa cire wani abu daga minharmu muna zubawa a asusun tsohon gidanmu, don kada dokar watan farko na baƙo ta mutu.

Na gama a 2024 na dawo, yanzu ina koyarwa a Gumel, ina kwana a ƙauye. Kwanakin baya wani dattijo daga garin da ke gabas da mu ya zo da ɗansa mahaddaci, ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan Masar yake so. Nawa ne jirgi?" Na gaya masa abin da na sani na jirgi da takardu. Sannan na ce, "Baba, kafin ka sayar da ko akuya, bari mu samo wanda zai sauka a hannunsa." Na kira gidan Hayyul Ashir, wanda yake riƙe da shi yanzu wani yaro ne daga ƙasar Kazaure da ni na tarbe shi a filin jirgi. Na tambaye shi ko akwai wurin katifa ɗaya, da nawa ake zubawa a asusu, da ko yarjejeniyar hayar a rubuce take. Ya ce akwai wuri in an matsa. Na miƙa wa dattijon wayar suka gaisa, ya tambayi sunan mahaifinsa da garinsu, suka daɗe suna magana. Na ce wa yaron ya soma sauraren Hafsu tun yanzu, ya zo wurina bayan la'asar ina karɓar masa, kuɗin bargo kuma a ware shi daban don a can zai saya. Ya tafi bayan an cire amfanin gona. Yana ajin koyon harshe, kuma an riga an sa shi a juyin girki tare da wani ɗan Maraɗi.